Gayya ko gwagwarmaya: amsa ga matasan da ambaliyar Kasala ta raba wa kai

Wani matashi daga Kasala, a gabashin Sudan, ya aiko mini da tambaya. Ya ce matasan unguwarsu sun kafa ƙungiya bayan ruwan damina ya ci gidaje, amma kansu ya rabu. Wasu na ganin a tsaya ga yashe magudanai, kwashe shara da dashen itatuwa. Wasu kuma, galibi waɗanda suka yi jami'a, na cewa wannan duk shafa mai ne a kan gyambo, tushen cutar shi ne jari-hujja da zaluncin rabon filaye, kuma aikin gayya sauke wa gwamnati nauyinta ne kawai. Yana son ya san wa ke da gaskiya, da kuma abin da masu fafutuka a Sudan suka taɓa yi wanda ya haifar da ɗa mai ido.

Ɗana, na shafe fiye da shekara ashirin ina aikin awon filaye da tsara unguwanni a Khartum kafin yaƙi ya tashe mu, kuma abin da wannan aiki ya koya mini shi ne cewa a biranenmu takardar fili ce ke zaɓar gidan da ruwa zai ci. Ruwan sama yana sauka a kan kowa, amma wanda aka zaunar a bakin kwari, a gidan jalus, wato ginin laka, ba tare da takardar da za ta ba shi ƙwarin gwiwar zuba siminti ba, shi ne yake wayar gari a kan tabarma a filin makaranta. Idan kun riƙe wannan, za ku ga cewa gardamarku ta fi sauƙin warwarewa fiye da yadda kuke zato.

Tun zamanin Turawa aka kasa filayen zama a Khartum zuwa daraja ta ɗaya, ta biyu da ta uku, kowace da girman filinta, da tsawon shekarun hayarta, da irin kayan ginin da aka yarda a yi amfani da su. Wanda bai shiga ko ɗaya daga cikin ukun ba, irin leburori da baƙi da mutanenmu da suka tsaya a kan hanyar hajji, sai ya zauna a gefen gari a matsayin wanda ake haƙuri da shi zuwa wani lokaci. Haka Ishash Fallata, unguwar bukkokin mutanenmu, ta rayu shekaru da dama a kudancin Khartum, har gari ya girma ya kewaye ta, filinta ya yi tsada, aka kwashe mutanenta zuwa unguwar Ingaz a farkon mulkin Shugaba Umar al-Bashir. A daren 4 ga Agusta 1988 an zuba ruwa sama da milimita 200 a Khartum, wato fiye da abin da garin ya saba samu a shekara guda, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. Mafi yawansu mutanen da farin 1984 da yaƙin kudu suka koro ne, waɗanda hukuma ke kiran mazauninsu sakan ashwa'i, wato matsugunai marasa tsari. Maganin da gwamnati ta kawo daga 1990 shi ne rusau da kwashe mutane zuwa Darus Salam da Jabal Auliya da makamantansu, can nesa da kasuwa da asibiti da famfo, inda talaka ke sayen gangar ruwa a wajen mai karo da kuɗin da ya ninka abin da mai gida a Amarat, unguwar masu hali, ke biya wa famfonsa.

Ni kaina na taɓa zama a wani ofishi inda aka kawo mana taswirar sabuwar unguwa, na nuna cewa layuka uku na filayen sun hau kan hanyar da ruwa ke bi tun kaka da kakanni, aka ce mini kwarin ya shekara goma bai kawo ruwa ba, kuma an riga an karɓi kuɗin mutane. Na sa hannu a takardar ƙorafi, aka ajiye ta a aljihun tebur, aka raba filayen. Ban ba da wannan labari don in wanke kaina ba, domin na ci gaba da karɓar albashina a wurin. Na ba da shi ne don ku ga kamannin jari-hujja a idon ma'aikaci. Tun da aka buɗe kasuwa a 1992 a ƙarƙashin ministan kuɗi Abdurrahim Hamdi, aka rage wa jihohi abin da suke samu daga tsakiya, sayar da fili ya zama babbar hanyar samun kuɗin hukuma. Daga nan filin wasa ya zama kanti, kwari ya zama fuloti, kuma dajin itatuwan da aka dasa a kudancin Khartum don tare guguwar ƙura, wanda ake kira Hizam Akhdar, aka sare shi aka yanka filaye. Sunansa ne kaɗai ya rage a bakin kwandastan mota.

A karkara ma zancen ɗaya ne. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakar gwamnati, alhali mafi yawan ƙasar Sudan ba ta da rajista in ban da bakin Nil. Da wannan doka aka riƙa yanka wa 'yan kasuwa da manyan ma'aikata gonakin injina na faddan (kusan eka ke nan) dubu ko dubu da ɗari biyar a Gadarif da Nil Azrak da kudancin Kurdufan, aka tumɓuke daji, aka toshe burtali, aka noma dawa da riɗi har ƙasa ta gaji, mai gona ya matsa gaba. Manomin da kakansa ya sare wurin ya koma jangu, yana yanka riɗi a biya shi da yini. A Jazira, inda aka fara ban ruwa daga madatsar Sannar a 1925, hannun mutanen yammacin Sudan da Afirka ta Yamma ne, ciki har da Hausawa, ya tsinci audugar da ta riƙe baitulmalin ƙasar, amma jikokinsu har yau suna zaune a kanabi, wato sansanonin leburorin gona da ake kiran ɗayansu kambo, a gefen magudanar ruwa, ba su da hawasha, wato gonar da ake ba manomi a shirin, ba su da takardar gidan da suke kwana a ciki. Sannan lokacin da Saudiyya ta ga ruwan ƙarƙashin ƙasarta na ƙarewa ta daina noman alkama da ciyawar dabbobi a gida, kamfanonin ƙasashen Larabawa sun juyo Sudan suna noman ciyawar barsim da ruwanmu suna fitar da shi ta Bur Sudan. Saboda haka abokanka 'yan jami'a ba su yi kuskure ba wajen gano cutar. Kuskurensu yana wajen raina gayya, kuma tarihin abin da ya faru tun daga 2013 ya ƙaryata su.

A Agustan 2013 ambaliya ta afka wa Sharƙ an-Nil da wasu sassan Umdurman, gwamnati ta yi ta jan ƙafa tana cewa abin bai kai bala'i ba. Wasu matasa suka yi kira a Facebook da sunan Nafir, wanda shi ne gayya a bakin Larabawan Sudan. Cikin 'yan kwanaki dubban masu sa kai suka taru, suka buɗe layin waya na karɓar kiran gaggawa, suka riƙa sanya wuraren da ruwa ya ci a taswira, suna raba abinci da tamfol da gidan sauro, 'yan Sudan mazauna Saudiyya da Turai suna turo kuɗi. Wanda ya kalli abin daga nesa zai ce sun yi wa gwamnati aikinta kyauta. Amma ɗalibin da ya tashi a Riyad ta Khartum ya shiga ruwa har ƙugu a unguwar da bai taɓa jin sunanta ba, ya ga titin kwalta da aka ɗaga ba tare da isasshen kwalbati ba ya tare ruwa ya mayar da shi cikin gidajen talakawa, kuma wannan darasi ba a koyar da shi a aji. Wata guda bayan haka, a Satumba 2013, aka cire tallafin mai, mutane suka fito, aka kashe kimanin 200 bisa ƙiyasin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Daga irin waɗannan matasa da suka riga suka san juna, suka san lungunan unguwanninsu, suka koyi riƙon amanar kuɗin jama'a, kwamitocin unguwa da ake kira lijan al-muƙawama suka yi ƙarfi. Su ne suka riƙe zanga-zangar da ta tashi a Adbara a Disamba 2018 lokacin da burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, har Bashir ya faɗi a ranar 11 ga Afrilu 2019. A ambaliyar 2020, da Nil ya haura mita 17 da rabi a Khartum aka kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku, su ne suka cika buhunan ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 hukuma ta watse, su ne suka rikiɗe suka zama ɗakunan agajin gaggawa, suka kafa takaya inda ake dafa wa unguwa guda adas da ful a tukunya ɗaya, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Right Livelihood a 2025. Duk wata ƙungiya da na gani ta fara da takardar aƙida ta watse kafin damina ta zagayo. Waɗanda suka fara da shebur su ne mutane suka buɗe wa ƙofa a ranar da suka zo da maganar haƙƙi.

To amma gayya tana da iyaka, kuma ba zan ɓoye maka ba. Nafir ta ceci rayuka a 2013, amma ba ta hana a sake raba fili a kwari ba, kuma unguwannin da ruwa ya ci a wannan shekara ya sake cin su. Mutane suna son ba da misali da tsibirin Tuti, inda tun ambaliyar 1946 mazauna ke da tsarin taya: ana kasa gaɓar tsibirin kashi-kashi, kowane kashi da tantinsa da masu gadinsa dare da rana, dattawa na karanta launin ruwa da saurinsa, in wani wuri ya fara ɓallewa a buga ganga ko a yi kira daga masallaci kowa ya rugo da buhu. Tsari ne mai ban sha'awa, amma masu yabonsa suna mantawa da cewa mutanen Tuti suna kare ƙasar da suka gada ne, wadda babu wanda ya isa ya kira su baƙi a kanta. Mutumin kambo da ya san ana iya tashinsa gobe ba zai gina ganuwa ta shekara hamsin ba, kuma ba lalaci ne ya hana shi ba.

Waɗanda suka ci wani abu a fafutukar muhalli a ƙasar nan su ne waɗanda suka tsaya a kan buƙata guda, sananniya, a wuri sananne. Da aka gina madatsar Marawi, wadda aka buɗe a 2009, an tashi dubun-dubatar mutanen Hamdab da Amri da Manasir, kuma a Afrilun 2006 jami'an tsaro sun harbe mutane a taron Amri. Manasir suka ƙi tafiya gidajen da aka gina musu a hamada, suka dage a kan abin da suka kira zaɓin gida, wato a bar su su zauna a gaɓar tafkin da ya cinye dabinonsu. A ƙarshen 2011 suka tare a gaban ofishin gwamna a Damar, suka kwana a fili fiye da wata uku cikin sanyin hunturu har aka zauna da su. Ba su sami duk abin da aka yi musu alkawari ba, amma suna nan a gaɓar tafkin. A Kajbar, ranar 13 ga Yuni 2007, an kashe mutum huɗu a zanga-zangar ƙin madatsa, kuma Nubiyawa, waɗanda ba su manta yadda madatsar Aswan ta nutsar da Wadi Halfa aka kwashe su zuwa Khashm al-Girba a 1964 ba, suka mayar da ranar abin tunawa duk shekara. Har yau ba a gina madatsar Kajbar ba. Haka nan bayan ɓallewar kudu a 2011, da Sudan ta rasa kashi uku cikin huɗu na man feturinta ta koma ga zinariya, kamfanonin karta suka riƙa sayen tarkacen da masu haƙa suka bari suna wanke shi da gubar sayanaid kusa da rijiyoyi da wuraren kiwo. Mutanen Talodi a kudancin Kurdufan suka tashi a Oktoba 2019, kuma a cikin watan gwamnatin Firaminista Hamdok ta sanar da hana amfani da sayanaid da zaiba a haƙar ma'adinai. Sanarwar ba ta zauna da gindinta ba, domin zinariya tana da masu bindiga a bayanta, kuma bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 babu mai tambaya. Wannan ma darasi ne: abin da aka ci a titi, in ba a sami masu bibiyarsa a ofis da kotu ba, ana ƙwace shi a hankali ba tare da an yi shela ba.

Game da dashen itatuwa, ku 'yan Kasala kun fi kowa sanin cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba. An shigo da itacen muskit Sudan tun 1917, daga baya aka yaɗa shi da sunan yaƙi da hamada, dabbobi suka ci 'ya'yansa suka watsa irin, ya mamaye gonakin bakin kogin Gash da na Tokar da Sabuwar Halfa, yana shan ruwan ƙasa yana toshe magudanai, har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi. Ku dasa, amma ku tambayi tsofaffin manoman sawagi, wato lambunan ban ruwa na Kasala, irin da ya dace, ku kuma san wanda zai shayar da dashen a watan Afrilu da Mayu, domin itacen da aka dasa ranar ɗaukar hoto yawanci ba ya ganin damina ta biyu.

Akwai wani tarko da ya fi wannan haɗari, kuma ya shafe mu mu Hausawa kai tsaye. Da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsayin mita 10, aikin da aka kammala a 2013, ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka tattara al'ummomi daban-daban a sababbin matsugunai, ga gonakin injina sun riga sun cinye daji. Ƙasar da ta rage ta yi wa kowa kaɗan. A Yulin 2022, a kan maganar sarautar gargajiya da wa ke da ƙasa, rikici ya ɓarke tsakanin mutanenmu da maƙwabtansu a Nil Azrak, aka kashe fiye da mutum 100, a Oktoba kuma aka sake kashe kimanin 200 a yankin Wad al-Mahi. Kun ga abin da ya biyo baya a Kasala da idonku, lokacin da zanga-zangar juyayi ta kai ga ƙona ofisoshin gwamnati. Zafin da mutanenmu suka ji gaskiya ne, haka ma gorin da ake yi mana na cewa mu baƙi ne a ƙasar da kakanninmu suka kafa Mai Wurno a cikinta fiye da shekara ɗari da suka wuce. Sai dai waɗanda suka mutu a ɓangarorin biyu talakawa ne da madatsa ɗaya ta matse, kuma babu mai gonar faddan dubu ko ɗaya da ya rasa taƙi a wannan faɗa. Shi ya sa nake ganin hikimar masu fafutukar kanabi, waɗanda suka gina kiransu a kan matsayin mutum na ma'aikacin gona marar matsuguni, ko Bahaushe ne ko Batame ko Bamasalace, suna neman takardar gida da makaranta da ruwan sha. Harin da aka kai wa Kambo Ɗayyiba ta jihar Jazira a Janairun 2025 ya nuna irin tsadar rashin wannan takarda a lokacin yaƙi. Kuma kafin su, a Fabrairun 1956, ƙasa da wata biyu bayan samun 'yanci, manoman Joda da suka ƙi miƙa audugarsu sai an biya su haƙƙinsu an kulle su a ɗaki ɗaya a Kosti, kusan 200 suka mutu saboda rashin iska. Ba ƙabila ɗaya ba ce aka kulle a ɗakin.

'Yan'uwanmu na Jidda sun ga nasu salon. Ambaliyar Nuwamba 2009 ta kashe fiye da mutum 120, yawanci a unguwannin da aka gina a bakin kwari, kuma hotunan da matasa suka yaɗa a intanet sun taimaka wajen tilasta bincike har aka gurfanar da wasu jami'ai. Amma daga ƙarshen 2021 aka rushe unguwanni da dama irin su Karantina da Gulail da Sabil, inda Hausawa suka shekara aru-aru, kuma diyyar fili ta tsaya ga 'yan ƙasa masu takarda. A can babu sararin fita titi, don haka abin da ya rage wa mutane shi ne ɗaukar hoton gidajensu da taimakon juna wajen neman haya. Kowace ƙasa da faɗin ƙofar da take bari, kuma a Sudan ta yau, da bindiga ke ko'ina ana kuma kama 'yan agaji da zargin haɗa baki da abokan gaba, wajibi ne ku auna ƙofarku kafin ku cusa kai.

Abin da zan ba ku shawara a kai a Kasala ya taso ne daga halin Gash kansa. Kogi ne da ke gangarowa daga tsaunukan Eritiriya wata uku a shekara, ɗauke da laka mai yawa da ke kwantawa a gindinsa, ta yadda kowace shekara gindin yana tasowa, ganuwar da ta isa bara ba lallai ta isa bana ba. A 2003 ya ɓalle ya shafe babban ɓangaren garin. Bayan ɓarkewar yaƙi kuma garin ya cika da waɗanda suka gudo daga Khartum da Madani da Sinja, haya ta yi tsada, an zaunar da mutane a filayen da kowa ya san ruwa na kwanciya, kuma kwalarar da aka sanar a Agustan 2024 daga jiharku ta fara. Ku ci gaba da yashe magudana tun watan Mayu, domin ba a fafe gora ranar tafiya, amma ku ware mutum biyu ko uku masu haƙuri da rubutu. Duk gidan da ruwa ya shiga a rubuta ranar, da tsayin da ruwan ya kai a bango, da inda ya fito, da ko mai gidan yana da takarda ko ba shi da ita. A ɗauki hoton kowane kwalbati da ya toshe da kowane gini da ya hau hanyar ruwa, ko na wane ne. A nemi sanin nawa aka karɓa a unguwar da sunan kuɗin shara da kuɗin hidima a shekara, da sau nawa motar shara ta shigo. Bayan damina biyu za ku riƙe abin da ofishin filaye kansa ba shi da shi, kuma na zauna a irin waɗannan ofisoshi na ga yadda fuskar jami'i ke sauyawa idan aka ajiye masa taswira da lambobi maimakon koke.

Kada kwamitin ya zama na Hausawa zalla, ko da ku ne mafi yawa a unguwar. Ku jawo Hadandawa da Bani Amir da 'yan gudun hijirar da ke makarantar kusa da ku, domin a garin da ya sha rikicin ƙabilanci, buƙatar da ta fito daga baki ɗaya ana saurin yi mata fassarar da ba ita ba. Kada kuma ku bar mata a wajen tukunya kawai. Awadiyya Mahmud Koko ta fara haɗa kan masu sayar da shayi da abinci a Khartum tun 1990, a lokacin da kasha, wato samamen jami'an hukuma, ke kwashe musu kujeru da murhu, kuma ƙungiyarta ta rayu ta ga bayan gwamnatin da ke korar su. Matan unguwarku sun san gidan da yaro ya fara gudawa da rijiyar da ta gurɓace kwana biyu kafin labarin ya iso majalisar maza. Abokanka masu karatun jari-hujja kuwa, ku ba su aikin bin diddigin takardun: wa ya sayi filin da ke bakin kwari, a wace shekara, da sa hannun wane ofishi, kuma me dokar tsara birane ta 1994 ta ce game da gini a hanyar ruwa.